Rufin Ɗakin Malam Ashiru

Ruwan da ya kayar da bangon Saratu da yayyafi ya fara, bayan la'asar, har mata suna fito da bokitai suna tara na wanki. Kafin ka ce me, iska ta taso daga gabas, sama ta ɓalle. Kwatar lungun, wadda ta shekara cike da leda da robobin lemo, ta ce ba da ita ba. Ruwa ya rasa hanya ya bi gidajen mutane, kuma a wannan ɓangaren na Gyaɗi-Gyaɗi gidajen ƙasa sun fi na bulo yawa.

Saratu tana rumfar girki tana kokawar ɗage buhun garin ɗanwakenta sai ta ji rugugi a bayanta. Bangon ɗakinsu na baya ne ya zube. Allah ya taimaka cikin lungu ya faɗa, bai faɗo ciki ba. Kwanon rufin kuwa iska ta yaye shi gaba ɗaya, sai washegari aka tsince shi a bayan masallaci a nannaɗe, ko kejin kaji ba zai yi ba. Da ta faɗa ɗakin a guje, ta tarar da mijinta Malam Ashiru kwance a kan gado yana kallon sama, ruwa yana dukan fuskarsa, ba shi da ikon ɗaga hannu ya kare.

Malam Ashiru tela ne a da, tela na gani na faɗa, mutum mai tsafta da jin kunya. Hawan jini ne ya kwantar da shi, ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da maganarsa sai 'yan kalmomi. Ɗakin nan guda shi ne duk abin da suka mallaka, sai rumfar girki da bandaki. Ɗanwaken da Saratu take sayar wa 'yan adaidaita sahu da safe a bakin lungu shi ke riƙe da gidan.

Da gari ya waye mai unguwa ya aiko da saƙo gida-gida, wai kowa ya bar ɓaraguzansa yadda suke, kada a kwashe ko dunƙule ɗaya, hukumar tallafi na nan tafe, kuma ba sa ba da komai sai sun gani da ido.

Saratu ta dubi ɗan aiken, ta dubi inda bango yake a da. Lungun nan hanya ce, mai kai yara makaranta ya bi, mai tallan manja ya bi, kuma kowa sai ya rage sauri ya leƙa. Ga Malam a kwance ya juya fuska yana hawaye, mutumin da ko hula bai taɓa fita babu ita ba.

"Sai sun gani da ido?" in ji ta. "Kafin su gani ai duk garin Kano ya gama ganin mijina a kwance. Ka gaishe da mai unguwa, ka ce na ji."

Ji ɗin ke nan. Ranar ko tukunya ba ta ɗora ba, amma da masu cin ɗanwakenta suka zo suka ga abin da ya faru, ba wanda ya tambayi abinci. Ɗan'azumi, wanda ya fi kowa daɗewa yana ci a wurinta, shi ya ajiye adaidaitarsa ya tuɓe riga ya ce gayya za a yi. Chibueze mai buga bulo yana sayarwa, haifaffen unguwar, ya turo kura shaƙe da bulo da siminti, ya ce wa Saratu, Mama, a bar zancen godiya. Wani ya kwaɓa, wani ya miƙa, wani ya ɗora, mata suna ɗebo ruwa. Ɓaraguzan ma aka kwashe su aka cike wani rami a bakin titi. Bango ya tashi tsaf, har ya fi na da kyau.

Sai dai rufi. Kwano ba abin da ake haɗawa da gayya ba ne a wannan zamanin. Aka mayar da tsofaffin katako, aka shimfiɗa buhunan siminti da ledoji, aka danne da duwatsu. Rana ba ta shiga, amma ruwa, wa zai hana shi? Da an ga hadari Saratu za ta bar duk abin da take yi ta jera kwanuka da robobi a ɗaki, ta ja gadon Malam daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta lulluɓe shi da labulen roba. Duk da haka sai ya jiƙe. Tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, kuma damina ko rabi ba ta yi ba.

Hukuma fa? Hukuma tana tafe. Yau tana tafe, gobe tana tafe, har ciyawa ta tsiro a kan ɓaraguzan waɗanda suka bi maganar mai unguwa, awaki suna hawa suna kiwo. Husaina maƙwabciyarta, bazawara mai 'ya'ya ƙanana, ta gaji da jira, ita ma ta sa aka kwaɓa ƙasa aka mayar mata da katangarta.

Sai ga su wata Talata da hantsi, cikin farar mota mai tambari, kowa da 'yar rigarsa mai ƙyalli a kan kaftani. Wanda ya shigo gidan Saratu wani saurayi ne mai suna Faruk, mai ladabi, har da rusunawa. Ya zagaya da wayarsa a hannu, ya shafa bango, ya ƙwanƙwasa shi.

"Inna, ai ke gidanki lafiya lau yake."

"Lafiya lau? Ɗaga kanka, ɗan nan."

Ya ɗaga kai ya ga buhuna da leda, haske yana shigowa ta hujoji.

"To, shi rufi aikin iska ne, Inna. Mu kuwa kan ambaliya aka turo mu. Abin da ruwa ya rushe shi muke ɗauka."

"Ruwa ne ya rushe bangon."

"Amma ga shi a tsaye."

"Mu muka tayar da shi! Ko so kake in bar mara lafiya a titi har ku gama shan shayi ku zo?"

Faruk ya sosa ƙeya. Ya ce shi ma ba a son ransa ba ne, a ofis hoto ake so, ga ɓarna ga mai gida a tsaye a gabanta, in babu hoton ko sunan mutum ba a karɓa. Sai ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya.

"Inna, bari in gaya miki gaskiya don kin haife ni. Akwai kwano a kayan da za a raba, na gan shi da idona. Ki sa a ture bangon nan, ko rabinsa ne, a watsa bulon a ƙasa. Jibi zan biyo. A fito da Baba a kwantar da shi a gaba, in suka ga mara lafiya ba mai jan magana. Kin samu kwano, kin samu siminti, ki sake gininki."

Kai jama'a! Wai mutum ya rushe gidansa da hannunsa don a yarda gidansa ya rushe. Faruk ya yi sallama ya fita. Saratu ta juya ta dubi sabon bangon.

Kada a ce ba ta yi tunani ba, ta yi. Washegari Ɗan'azumi da kansa ya shigo da guduma a kafaɗa.

"Inna, mu muka gina, mu muka ce a fasa. Ba komai wallahi, Chibueze ma ya ce in dai za a samu kwanon, a fasa. Kin ji tarin Baba kuwa?"

Ta ji mana, ita ke kwana da shi. Ta karɓi gudumar ta zagaya lungu ta tsaya a gaban bangon. Ta ma ɗaga ta. Ta ƙaramar tagar da aka bari ta hango Malam yana kallonta, ya gane duk abin da ake shiryawa, don ciwon bai taɓa masa hankali ba. Sai ta tuna gobe za a ciccibo shi a shimfiɗe a kan ɓaraguzai, yara su kewaye shi, a ɗauki hotonsa baki a karkace, hoton ya yi ta yawo a wayoyin mutanen da bai sani ba. Zuciyarta ta tafasa. Ta sauke gudumar ta miƙa wa Ɗan'azumi.

"Mayar wa mai ita. Bangon nan gumin mutane ne, ba zan fasa shi don a ji daɗin ɗaukar hoto ba. Malam kuwa ba kayan talla ba ne."

A ranar aka ji dum, dum daga gidan Husaina. Ita ma Faruk ya ba ta wannan shawarar, ta ture tata katangar, kuma da Faruk ya dawo ta tsaya a gaban tarin ƙasa da goyo da sauran yaran a jere, aka ɗauke su.

Da yammacin ranar aka tafka ruwa kamar da gayya. Ledar da ke saitin gado ta tara ruwa ta yi ciki, ta fashe a kan Malam. Kafin Saratu ta canja masa kaya jikinsa ya ɗauki zafi, yana tari har numfashi na ɗaukewa. Husaina ta shigo taya ta matse katifa, kuma bakinta bai yi shiru ba.

"Yaya Saratu, ni dai ban gane ba. Kin zaɓi bango kin bar miji a ruwa."

Maganar ta soke ta, don a ranta ita ma abin da take gaya wa kanta ke nan. Ta shiga rumfar girki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta dama wa Malam kunu.

Aka sa ranar rabo a wani filin makaranta a Tarauni. Ba a gayyaci Saratu ba, amma ta yafa mayafi ta bar Malam a hannun wata tsohuwar maƙwabciya ta ce za ta je ta ga kwanon nan da ya sa mutane suka rushe gidajensu. Ɗan'azumi ya ɗauke su ita da Husaina.

Fili ya cika maƙil. An kafa rumfuna an jera kujeru masu laushi, na manya ke nan, jama'a kuwa suna rana. A bayan kujerun aka ɗaure wata ƙatuwar bana ta talla, irin ta roba mai kaurin nan, faɗinta ya kusa kai bangon aji. A jiki ga hoton shugaban hukumar yana murmushi har kunne, ya miƙo hannuwa biyu, an rubuta cewa hukuma tana tare da waɗanda ambaliya ta shafa. A gefe kuma ga kwanon, bandir a kan bandir, yana walƙiya a rana. Saratu ta zuba masa ido. Ashe da gaske ne.

Aka jira manya har azahar ta gota. Da suka iso aka shiga jawabi, wannan ya gode wa wancan, wancan ya gode wa wannan, kowa ya ce ba a taɓa yin hukuma mai tausayi irin wannan ba. Aka kira mutum biyu uku suka dafa kwanon tare da shugaba aka ɗauki hoto. Sannan mai lasifika ya sanar cewa kayan gini sai zagaye na biyu, bayan an kammala tantancewa, yau kayan jinƙai za a raba. Mutane suna kallo aka shiga mayar da kwanon cikin motar da ta kawo shi.

Husaina ta sha turereniya ta fito ɗankwali a hannu. Abin da ta samo: bokitin roba, tabarma, gidan sauro, da shinkafa a ƙulle a leda. Ta tsaya a gaban Saratu tana duban kayan.

"Yaya, katangata fa na rushe," in ji ta. "Da hannuna."

Saratu ta ɗaga kai sama. Idonta yana gabas, inda hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa rumfuna. Manya ma sun gani, tuni suka miƙe ana buɗe musu ƙofofin mota. Ita kuwa ta san abin da hadarin nan yake nufi a ɗakinta. Iskar ta bugi banar ta yi wani irin ƙara, ta kumbura ta koma, ko gezau. Saratu ta ƙura mata ido. Tun ɗazu take kallon abin nan, sai yanzu ta lura da kaurinsa, ba huji ko ɗaya.

Ta gyara ɗaurin zani ta ratsa ta tsakanin kujerun manya kamar gidanta. Ta kama igiyar kusurwar ƙasa ta kwance. Ta wuce ɗaya kusurwar ta kwance. Na sama sun fi ƙarfinta, sai ta jawo kujera mai laushi, wadda shugaba ya tashi daga kai, ta hau da takalminta.

"Inna! Inna, me kike yi haka?" Faruk ne ya taho a guje. "Kayan hukuma ne fa!"

"Na sani. Shi ya sa nake ɗauka."

"Wallahi za ki ja wa kanki, ki ja mini. Ki sauko don Allah!"

Ta juyo daga kan kujerar, ta nuna rubutun da yatsa, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma sai da suka ji.

"Kai da ka yi boko, karanta mini. Wa aka ce ana tare da shi a nan? Waɗanda ambaliya ta shafa. To ni ce. Ruwa ya ci bangona, iska ta ɗauke rufina, mijina yana kwance ruwa na zuba a kansa. Kun ce ba ku gani ba. Kwano kun ce sai zagaye na biyu. Wannan da sunana aka buga ta, kun gama hotonku da ita, ni kuwa yanzu nake da bukatarta. Wanda zai hana ni ya zo ya sauke ni da hannunsa!"

Wani ɗan sanda ya matso, sai dai kafin ya iso mata sun riga shi. Waɗanda suka wuni a rana suka tashi da bokiti, su suka yi dafifi suka kewaye kujerar, bokitai a hannu, ba mai niyyar matsawa. Wata ta rangaɗa guɗa. Husaina ta dire kayanta ta haye wata kujerar ta kama igiyar ƙarshe da haƙori. Ɗan sandan ya dubi matan, ya dubi sama, ya dubi motocin manya da suke ficewa, ya ga ba shi da dalilin jiƙewa a kan roba. Faruk ya tsaya hannu a kai. Da banar ta zube ƙasa, shi ne ma ya janye ƙafarsa don kada ya taka.

Suka naɗe ta su huɗu suka ɗora a kan adaidaitar Ɗan'azumi, ta yi tsawo ta leƙo gaba da baya. Haka suka keto titi, Saratu da Husaina kowacce ta fito da hannu ta riƙe gefe guda, iska na neman ƙwacewa, masu mota suna ta hon. Ɗan'azumi yana tuƙi yana kiran abokansa a waya, ya ce kowa ya ajiye fasinja ya taho da ƙusa.

Sun iso an fara ɗigo. Chibueze ya kawo tsani da falankai, samari suka haye suka watsar da ruɓaɓɓun buhuna da ledoji. Banar ta rufe ɗakin ruf, har ta yi saura ta sauko kan sabon bango. Ɗan'azumi yana sama da guduma, waccan dai gudumar, ya leƙo.

"Inna, ina za a juya fuskar mutumin? Ciki ko waje?"

"Waje," in ji Saratu. "Ku juya shi sama. Ba sun ce sai sun gani da ido ba? To ya kwanta nan ya ga ruwan da idonsa, har ƙarshen damina."

Aka kwashe da dariya, aka danne da falankai, aka bi da ƙusa. Na ƙarshe bai gama saukowa daga tsani ba ruwa ya kece.

Saratu ta shiga ɗaki ta tsaya a tsakiya, hannunta riƙe da labulen robar da ta saba lulluɓa wa Malam, tana jira ta ga ta inda zai fara zuba. Husaina da yaranta suna rakuɓe a bakin ƙofa, don gidansu yanzu a buɗe yake. Ruwa yana dukan rufin kamar ana kiɗa. Ta duba kusurwar gado, ta duba saitin ƙofa, ta shafa bango. Ko ɗigo.

Malam Ashiru yana kallon sama. Hasken da ya rage a waje ya ratso robar, ana iya ganin inuwar fuskar shugaba dishi-dishi, da murmushinsa, ruwa yana gudu a kai. Kafaɗar Malam mai lafiya ta fara girgiza. Saratu ta zabura ta ɗauka tarin ne ya taso, ashe dariya yake yi, irin wadda rabonta da ji tun kafin ya kwanta.

Ta ninke labulen ta cusa a ƙarƙashin gado. Ta tattara kwanuka da robobin da suka yi makonni a jere a ɗakin, ta fita da su ta tara a inda ruwa ke zubowa daga bakin rufin, don tsaftatacce ne, zai yi wanki. Ta karɓi sabon bokitin Husaina shi ma ta tara. Sannan ta ƙwala wa Ɗan'azumi kira, yana fake a rumfar girki.

"Ka gaya wa mutanenka gobe ɗanwake kyauta ne. In sun ci, akwai katanga a gidan Husaina."